Yadda Ake Tayar da Injin Tsohuwar Akori-kura 404 da Ta Daɗe a Ajiye

Da wuya ka zaga tsohuwar unguwa ba ka tarar da ita ba: akori-kura Peugeot 404, wadda muke kira Fijo, a jingine a gindin dalbejiya, tayoyi sun sace sun lume cikin ƙasa, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Mai ita ya tsufa ko ya rasu, 'ya'ya kuma kullum sai "wata rana za a tashe ta." Na tashi irinta ba ɗaya ba, ba biyu ba, kuma abin da na lura shi ne yawancinsu ba wani babban ciwo ne ya kwantar da su ba. Zaman ne ya zame musu ciwo.

Motar ba ta da wuyar sha'ani. A 1960 aka fara ƙera 404 a Faransa, mai buɗaɗɗen baya ta biyo daga baya, kuma tun da aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kaduna a 1975 kayanta suka wadata a ƙasar nan, har gobe ana samun ragowarsu a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna. Injin fetur ne mai silinda 4, girmansa 1,618 cc, a kishingiɗe gefe guda. Babu kwamfuta, babu na'urar da za ta ɓoye maka wani abu. A kan mai fetur zan yi magana. Mai gas hanyarsa daban. Wanda ke da 504 akori-kura ma zai iya bin kusan duk abin da ke nan.

Abu guda nake so ka riƙe, ɗan'uwa, kafin mu fara: kada ka taɓa kafireta, wato mai gauraya wa inji fetur da iska, sai lokacinta ya zo. Duk sabon shiga da ita yake farawa, don ita ce a sama, ita ce mai sukurorin da ke kiran hannu. Ya murɗa nan, ya murɗa can, ya ɓata abin da yake lafiya lau, ciwon kuwa yana can cikin distibita, mai raba wa fulogi wuta, yana jiran sa.

Kayan da za ka tanada

Sifanu daga lamba 8 zuwa 19, da sifanar fulogi, sukudireba manya da ƙanana, filaya, da burushin ƙarfe. Sai fila, wato siraran ƙarafan nan na auna tazara. Wannan kada ka yi wasa da shi, don ido ba ya auna 0.10 na milimita. Sai mita ta auna wuta, da ƙwan gwaji: ƙaramin ƙwan mota mai volt 12 da ka ɗaura wa waya biyu. Idan za ka iya aron agogon auna matsin silinda, aro.

Batir mai cikakken caji. Baƙin mai sabo da filtarsa. Fulogi 4, kontak, wato ƙananan ƙarafan cikin distibita masu haɗuwa da rabuwa don wuta ta tashi, da kondansa abokiyar aikinsa. Tiyon fetur kamar mita 2 da maƙalansa, da ƙaramar filtar fetur mai garai-garai wadda ake hango cikinta, saya guda 2 ko 3. Ƙaramar jarka mai tsabta, fetur lita 4 daga gidan mai, kananzir na wanki, kwalbar gilashi fara, da tsummoki.

Sai bokitin yashi, ko tukunyar kashe gobara idan da hali. A fili za ka yi aikin, nesa da murhu da janareta da mai shan taba.

Mataki na 1: Shin injin na juyawa?

Kada ka sa batir tukuna. Buɗe bonet ka duba da ido. Ɓeraye na son akwatin filtar iska, suna kuma cin rigar wayoyi. Zanzaro kuwa duk wani buɗaɗɗen rami da ya samu sai ya liƙe shi da laka: bakin salansa, bututun numfashin tanki, har bakin tiyon da aka cire aka bari. Share duk wannan.

Zaro sandar auna mai. Baƙi ƙirin ba laifi ba ne, tsufa ne. Idan ya yi kama da shayi mai madara, ruwa ya shiga. Idan ya yi tsululu yana warin fetur, riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa wajen famfon fetur.

Goge gindin kowane fulogi kafin ka kwance, kada ƙasa ta faɗa ciki. Kafin ka cire wayoyinsu kuma, ɗaura wa kowace alama, ko ka ɗauki hoto da wayarka. Cire fulogin duka, ka zuba kamar cokali 2 na baƙin mai haɗe da ɗan kananzir a kowane rami, ka bar shi ya kwana. Idan motar ta shekara 10 a ajiye, ba shi kwana 3.

Sannan ka sa sifana a kan notin fulin ƙasa, wato faifan da bel ke zagayawa a ƙasan gaban inji, ka juya a hankali. Idan babu sifanar da ta kai, sa giya ta 4, ka samu mutum biyu su riƙa rausaya motar gaba da baya. Ya motsa? Kai shi zagaye 2 cikakku kana saurare. Idan ya tafi ya tsaya cak a wuri guda, kada ka tilasta. Galibi bawul ne ya maƙale a buɗe, fistin na dukan sa. Cire murfin bawul ka ga wanda bai dawo ba, ka jiƙa shi da kananzir, ka ɗan ƙwanƙwasa da ƙotar guduma har ya saki. Idan kuwa injin bai motsa ko kaɗan ba, ƙara jiƙo, ƙara haƙuri. Jan mota da wata mota don a fasa tsatsa, nan ake karya ringi a lanƙwasa sanda.

Da ya juya, juye tsohon mai, sa sabo da sabuwar filta. Cika lagireto da ruwa ka ga ko yana zuba.

Mataki na 2: Raba injin da tankinsa

Wannan shi ne matakin da ke raba mai aiki da mai wahala. Fetur idan ya daɗe yakan bushe ya bar wani danƙo ja mai warin tsohon fenti, ga tsatsa, ga ruwan raɓa da ya taru a gindin tanki. Da ka murɗa makulli, famfo zai kwaso duk wannan ya ɗura wa kafireta.

Cire tiyon da ya taho daga tanki zuwa famfo ka toshe shi. Cire wanda ya tashi daga famfo zuwa kafireta. Rataye ƙaramar jarkarka sama da injin kamar kamu 2, a jikin bonet ko a wata sanda, ka ja sabon tiyo daga cikinta kai tsaye zuwa kafireta, da filta a tsakani. Fetur zai gangaro da kansa. Ɗaure jarkar da kyau, nesa da batir da salansa. Yanzu idan injin ya ƙi tashi, ka san ba tanki ba ne, ba famfo ba ne. Ka rage masu laifi biyu.

Amma kada ka saki fetur ɗin tukuna. Matse tiyon da filaya ko ka naɗe shi ka ɗaure.

Mataki na 3: Batir da sitata

Batir mai lafiya zai nuna volt 12.6 a mita, kuma lokacin da sitata ke juyi kada ya sauka ƙasa da 10. Kankare kawunansa har su yi ƙyalli. Bi wayar at, wadda ke haɗa batir da jikin mota, da wadda ke haɗa jikin mota da inji, ka kwance su ka goge mazauninsu. Sitatar da ke cewa "ƙas" ta yi shiru, sau da yawa ba ta mutu ba, tsatsa ce a gindin waya.

Fulogi na waje har yanzu. Cire ƙaramar wayar da ke kai wuta ga kwayil, wato mai ƙara wa wutar fulogi ƙarfi, ka juya injin daƙiƙa 10, ka huta, ka sake, har jar fitilar mai ta mutu a gaban direba. Wannan na nufin mai ya zaga. Idan ka yi sau 5 ko 6 ba ta mutu ba, tsaya ka bincika kafin ka ci gaba.

Mataki na 4: Wuta

A nan zan daɗe, don a nan ciwon ya fi zama.

Mai da wayar kwayil. Ciro babbar wayar da ke tsakiyar hular distibita, riƙe ta da filaya mai roba, ka kusanta bakinta da jikin inji kamar milimita 6 zuwa 8. Wani ya murɗa makulli. Abin da kake nema tartsatsi ne shuɗi mai ƙara "tas, tas, tas". Ja mai laushi, ko babu sam, to akwai aiki.

Buɗe hular. Kontak ɗin da ya daɗe a ajiye yakan yi wata farar tsatsa a fuskokinsa biyu, wadda ke hana wuta wucewa. Goge da lallausan samfefa, sannan ka ja farar takarda tsakaninsu har ta fito fes. Juya injin da hannu har ƙafar kontak ta hau kan tudun sandar distibita, wato inda ya fi buɗewa, ka saita tazarar a 0.40 na milimita. Idan babu fila a kusa, kwalin katin waya zai kai ka gida, amma ka gyara da zarar ka samu. Ɗiga ɗan giris a kan tudun, kaɗan ƙwarai.

Ga yadda ƙwan gwaji zai gaya maka gaskiya. Kunna makulli. Waya ɗaya a jikin inji, ɗaya a ƙafar kwayil da wuta ke shigowa: dole ƙwai ya kama. Bai kama ba, matsalar na baya, a makulli ko waya. Koma ɗaya ƙafar, wadda ke zuwa distibita, ka juya injin. Ƙwai ya riƙa kamawa yana mutuwa. Idan ya kama ya ƙi mutuwa, kontak ba ya haɗuwa da kyau. Idan ya ƙi kamawa sam, wuta na zurarewa: ko kondansa ta ƙone, ko siririyar wayar cikin distibita ta goge tana taɓa jiki, ko an ɗaura kontak an manta 'yar robar da ke raba shi da ƙarfe. Wannan na ƙarshe ni ma na taɓa yin sa ina yaron gareji, na yini ina zagin kwayil, maigidana na zaune yana kallo bai ce uffan ba sai da la'asar.

Wata shawara: kada ka jefar da tsohuwar kondansa don kawai ka sayo sabuwa. Na sha ganin sabuwa fil daga kwali ta mutu cikin mako, tsohuwar da ta shekara 30 kuma tana aiki. Ajiye ta a aljihun mota.

Duba cikin hular ko akwai tsaga ko wani siririn baƙin layi kamar zanen fensir, da ɗan gawayin tsakiya mai sifirin, da bakin rota, ɗan hannun da ke juyawa a ƙarƙashin hular. Fulogi kuwa tazararsu 0.6.

Sai jerin wayoyi. Tsarin tashin wuta 1-3-4-2 ne. Ga tarkon da ke kama wanda ya saba da motocin Japan: a injin Fijo, silinda ta 1 ita ce ta baya, wajen kuloci, ba ta wajen lagireto ba. Idan wani ya riga ka ya hargitsa wayoyin, toshe ramin fulogi na 1 da babban yatsa, a juya injin da hannu har ka ji iska na ture yatsan. Ci gaba kaɗan har fistin ya kai sama. Inda bakin rota ya nuna, nan wayar 1 za ta zauna. Sauran su biyo, 3, 4, 2, ta ɓangaren da ka ga rota na juyawa.

Saitin lokacin wuta, wato tayimin, a yawancin 404 akwai hanya mai sauƙi. Akwai ɗan rami a jikin gidan kuloci ta sama. Zura ƙarfe mai kaurin milimita 8, kamar dogon ƙusa ko bakin dirili, ka juya injin sannu a hankali har ƙarfen ya faɗa cikin wata tsaga a jikin filawil, babban faifan ƙarfen da ke bayan inji. Nan ne daidai inda wuta za ta tashi. Sassauta distibita, sa ƙwan gwaji a ƙafar kwayil mai zuwa distibita, ka juya jikin distibita ta inda rota ke bi har ƙwai ya mutu, sannan ka dawo da ita sannu har ya kama. Daidai nan ka ɗaure. Wasu injunan alama ce a jikin fuli maimakon rami, aikin dai ɗaya ne. Kuma don Allah ka zare ƙarfen nan kafin ka taɓa makulli.

Mataki na 5: Bawul da matsi

Inji a sanyaye ake saita bawul: na shigar iska 0.10, na fitar hayaƙi 0.25. Hanyar da ba ta ruɗarwa ita ce ka riƙa bin bawul ɗin hayaƙi. Idan na silinda 1 ya danne har ƙasa, saita na shiga na 3 da na hayaƙi na 4. Idan na 3 ya danne, na shiga na 4 da na hayaƙi na 2. Idan na 4 ne, na shiga na 2 da na hayaƙi na 1. Idan na 2 ne, na shiga na 1 da na hayaƙi na 3. Bawul mai ɗan ƙara ya fi wanda aka matse ya yi shiru, don matsattse ƙonewa yake yi.

Sa agogon matsi a kowane rami, a take totur har ƙasa, a juya injin. Abin dubawa shi ne kusancin lambobin huɗu da juna. Idan ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, zuba cokalin baƙin mai a ramin ka sake gwadawa. Ta tashi, ringi ne. Ba ta tashi ba, bawul ne. Biyu maƙwabtan juna suka faɗi tare, gasket ya ƙone a tsakaninsu. Idan babu agogo, babban yatsanka ya isa ya nuna maka silindar da ta mutu murus.

Kada ka yi saurin yanke wa inji hukunci a wannan gwajin na farko. Ringin da ya maƙale saboda zama yakan saki bayan injin ya yi zafi sau 2 ko 3.

Idan kuma dole sai an buɗe kan inji, ga gargaɗin da ya shafi Fijo musamman. Silif ɗinsa, wato bututun da fistin ke kai-komo a ciki, ba a manne suke da jikin inji ba, a zaune suke cikin ruwa a kan wani siririn makari. Ka finciko kan inji sama kai tsaye, ko ka juya injin bayan ka cire shi, silif ya ɗaga, makarin ya saki, daga nan ruwa ya riƙa sauka cikin mai. Ana gurgusa kan ne gefe har ya rabu da gasket kafin a ɗaga, sannan a danne silif ɗin da manyan washa da noti kafin a taɓa komai.

Mataki na 6: Yanzu kafireta

Yawanci Solex ce mai maƙogwaro ɗaya. Ciro ta, toshe ramin da ta bari da tsumma mai tsabta. Shimfiɗa farin ƙyalle a kan tire, ka riƙa jera duk abin da ka kwance bi da bi, kana ɗaukar hoto. Kafin ka cire sukurun silo, wato mai daidaita fetur ɗin da inji ke sha idan ba a taka totur ba, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, ka rubuta adadin.

Buɗe murfin sama. A cikin kwanon za ka tarar da jan gari ko danƙo. Ciro fulot, wato abin da ke iyo a kan fetur, ka girgiza shi kusa da kunne. Ka ji motsin ruwa a ciki, ya huje, sai sabo. Allurar da ke tsayar da fetur kuwa, hura ta inda fetur ke shiga: ka danna ta, iska ta tsaya, ka saki, ta wuce.

Jiƙa jet-jet ɗin, wato ƙananan sukurorin tagulla masu ramin da fetur ke bi, a tina ko maganin wanke kafireta, ka hura su da iska. Mai faci zai hura maka da injinsa, famfon keke ma na yi. Ɗaga kowanne ka hango rana ta cikinsa. Abin da ba a yi shi ne zura allura ko wayar ƙarfe. Tagulla ce mai laushi, ramin kuma an auna shi ne daidai. Ka ƙara masa faɗi ko yaya, motar ta koma shan mai har abada. Idan ya toshe ƙam, gashin burushin roba ko zaren kamun kifi ya isa.

Jet ɗin silo shi ne mafi ƙanƙantar rami, shi ne kuma ke fara toshewa. Motar da ke tashi amma ta mutu da zarar ka ɗaga ƙafa daga totur, nan za ka fara dubawa.

Girgiza sandar totur. Idan tana lilo sosai a mazauninta, iska na shiga ta nan, silo ba zai taɓa zama daidai ba sai an yi mata bushi. Sa sabon gasket a gindin kafireta. Babu na saye, yanka daga takardar gasket. Kada ka shafa gam, fetur na narkar da shi ya tura cikin jet. Mai da sukurun silo yadda ka ƙirga. Idan wani ya riga ya hargitsa, zaunar da shi a hankali ka dawo da shi zagaye 2 a matsayin mafari.

Mataki na 7: Tashin farko

Mai da fulogi. Saki tiyon jarka, ka jira minti ɗaya kana kallon kafireta. Ta fara ambaliya, matse tiyon, ƙwanƙwasa gefen kwanon da ƙotar sukudireba, allura ce ba ta zauna ba. Babu zuba? Ja cok, mai rage iskar da ke shiga kafireta, taka totur sau 2, ka yi bisimilla.

Kada ka leƙa bakin kafireta ana juya inji, kada kuma ka tsaya kana tsiyaya mata fetur daga gora. Idan ta yi atishawa wuta take fitarwa, kuma na san masu tabo a fuska da hannu saboda wannan. Cikin murfin kwalba ɗaya ya isa, ka zuba, ka ja da baya, sannan a murɗa. Idan wuta ta kama a bakinta, a ci gaba da juya injin ya zuƙe ta, ko ka kifa jiƙaƙƙen buhu.

Ya ƙi tashi bayan gwaji 3 ko 4, ciro fulogi ɗaya. A bushe yake, fetur bai iso ba. A jiƙe sharkaf, ya sha ya ƙoshi: mai da cok, take totur har ƙasa ka riƙe, ka juya. Yana harbi ta kafireta ko ta salansa, koma kan jerin wayoyi da tayimin. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa kafin kowane gwaji. Ka canza uku a tare, ko ya tashi ba ka san abin da ya gyaru ba.

Da ya kama zai yi hayaƙi kamar ana ƙona bola. Man da ka zuba ne, zai wuce cikin minti 10. Idonka a kan fitilar mai da agogon zafi. Kada ka yi ta zuga shi. Da ya ɗumama, murɗa sukurun silo kaɗan-kaɗan zuwa inda injin ya fi sakin jiki, sannan ka daidaita gudun da ɗaya sukurun mai tokare totur. Sa mita a batir: tsakanin volt 13.8 da 14.4 na nuna yana caji.

Mataki na 8: Famfo, bututu da tanki

Inji na aiki, sai a dawo masa da hanyar abincinsa, gaɓa-gaɓa. Fara da famfo. Sa tiyon shigarsa cikin jarka a ƙasa, na fitarsa cikin kwalba, a juya inji. Ya riƙa tofo fetur da ƙarfi, bugu-bugu. Idan yana ɗiga ne kawai, robar cikinsa ta bushe ko ƙananan bawul ɗinsa sun maƙale. Ka tuna man da ke warin fetur? Robar ce ta yage, fetur na sauka cikin inji yana tsinka mai, kuma wannan na cinye metal, wato ƙarafan da sandunan inji ke juyawa a kansu, ba tare da ka sani ba. Canza famfon, canza man. Idan ka koma famfon lantarki, nemi mai ƙaramin ƙarfi na motocin kafireta, ka sa masa fis. Na motocin zamani zai ture allura ya yi maka ambaliya.

Bututun ƙarfen da ya bi ƙarƙashin mota, cire shi ta bakin biyu ka hura daga gaba zuwa baya. Duk tiyon roba ka canza, ko da ya yi kyau a ido. Tsagar da ba ta zubar da fetur tana iya shan iska.

Tanki kuwa sauke shi za ka yi, babu wata dabara. Juye abin da ke ciki a kwalba ka gani: ruwa zai kwanta a ƙasa, fetur a sama. Wanke da ruwa da omo, zuba tsakuwa masu tsabta ko tarin tsofaffin noti da ka ƙirga, ku kama ku biyu ku yi ta girgizawa, ku ɗauraye, ku sake, har ruwan ya fito fari. Tsatsa mai taurin kai, jiƙa ta da ruwan khal kwana 2, ka ɗauraye da ruwan kanwa kaɗan don kashe tsamin. Shanya shi a rana ya bushe ƙarau, ka zuba fetur a ranar, don tankin da aka kankare ba ya jimawa yake sake tsatsa. Idan ya huje, kada ka yarda kowa ya kusance shi da wutar walda don an ce "ai babu mai a ciki." Tururin da ya rage shi ke fashewa. Kai wa masu gyaran lagireto da suka san yadda ake yi, ko ka nemi wani tankin.

Sa filta mai garai-garai kafin famfo. Ta farko za ta cika da datti cikin 'yan kwanaki, shi ya sa na ce ka sayi fiye da ɗaya. Idan tafiya ta sa ka sayi man bumburutu, tace shi da ƙyalle.

Mataki na 9: Abin da hanya za ta nuna maka

Wasu cututtukan ba sa fitowa sai an hau titi. Fara da zagayen unguwa, bayan ka tabbatar da birki, don shi ma ya yi zaman da injin ya yi.

Ta yi tafiyar kilomita kaɗan ta mutu, ka huta ta tashi, ta sake mutuwa: sauka ka buɗe murfin tanki. Ka ji ya ja iska "fuu", hanyar numfashinsa ce a toshe, aikin zanzaro ko murfin da ba nata ba. Idan ba haka ba, taɓa kwayil. Ya yi zafin da hannu ba zai zauna ba, kuma babu tartsatsi a lokacin, shi ne ko kondansa. Gwajin a daidai lokacin da ta mutu ake yin sa, kafin ta huce ta ɓoye laifin.

Tana lafiya da safe, amma da rana tsaka a bazara, a cunkoso, sai ta shaƙe: fetur ne ke tafasa a cikin famfo da bututu. Ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon. Idan ta tashi bayan minti kaɗan, ka gano. Nisanta tiyo daga salansa, ka duba ko farantin da ke kare zafi da kaurin makarin gindin kafireta suna nan, don masu gyara na yawan yar da su.

Tana silo lafiya amma ta rasa ƙarfi a hawa: filta, famfo, ko babban jet. Ka taka totur ta yi jim kafin ta ɗauka: ɗan famfon cikin kafireta ne. Leƙa bakinta inji a kashe, ka ja totur, ya kamata ka ga siririn fetur ya tsarto. Tana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani idan ta ɗauki kaya: wuta ta yi gaba, juya jikin distibita kaɗan ta inda rota ke bi. Silo na hawa da sauka: iska na shiga ta wani wuri, bi gindin kafireta da ƙananan tiyo.

Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, duba cok ko ya koma, da fulot, da filtar iska, musamman bayan ƙurar hunturu. Idan filtarka irin mai kwanon mai ce, wanke ragar da kananzir ka zuba sabon mai daidai layin da aka zana. Shuɗin hayaƙi baƙin mai ne ke ƙonewa. Fari mai kauri da bai daina ba bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa, ga kumfa na tasowa idan ka duba bakinsa, wannan gasket ne. Murfin lagireto kuwa ba a buɗe shi inji na da zafi.

Bayan kamar kilomita 50, ciro fulogin huɗu ka jera su yadda suke a inji. Launin ƙasa-ƙasa kamar toyayyen burodi shi ake so. Baƙi mai gari, fetur ya yi yawa. Fari fat, fetur ya yi kaɗan ko iska na shiga. Baƙi mai maiƙo a ɗaya kaɗai, wannan silindar ce za ka sake aunawa. Sannan ka juye man injin tun yana da ɗumi, don ya kwaso dattin shekaru, ka sa sabo da sabuwar filta, ka sake bin tazarar bawul washegari da safe kafin ka tashe ta.